Tagogin da Baba Dattijo Yake Rufewa

Litinin, 7 ga Nuwamba, 1988

Baturen da ya kawo mana kwamfuta ya tafi ƙasarsu yau. Ya bar ta a kan teburina, da littafinta mai kauri da kwalin faya-fayai. A gaban kowa ya ce wa Manaja, "Zuliha ta iya." Na sunkuyar da kai kamar mai kunya, amma wallahi cikina fari tas. A duk ofishin ban ruwan nan, da mutanen Kura da na ɓangaren Bunkure, babu wanda ya san inda ake kunna ta sai ni.

Manajanmu, Alhaji Hambali, bai so ta ba tun ranar da aka sauke ta. Wai shi abin da ba zai iya sa wa hannu ya jefa a fayil ba, bai yarda da shi ba. Oho dai. An ɗora tafiretata a saman kabad. Ta huta, ni ma na huta.

Laraba, 9 ga Nuwamba

Musbahu direba ya leƙo yana tambaya ko ana kama tashar Kano a ciki. Na ce ana kamawa, har da ta Makka, ya je ya yi alwala tukuna.

Abin ba wuya. Kowane aiki da tagarsa a fuskar gilashin: jadawalin ruwa daban, wasiƙu daban, rabon irin alkama daban. Akwai ɗan abin da ake turawa a kan tebur, Bature ya ce sunansa ɓera, mu ma muka bar shi a ɓera. Ka kai kibiya kusurwar taga ka danna, ta rufe. Ka danna hotonta sau biyu, ta dawo yadda take. Sharaɗi ɗaya ne, sai an adana aikin kafin a rufe. Ni kuwa adanawa ta zame mini kamar gyara ɗankwali, ban ma san na yi ba. Wannan sharaɗin ban faɗa wa kowa ba. Me za su yi da shi?

Talata, 15 ga Nuwamba

Dariya har cikina ya ƙulle yau.

Baba Dattijo, masinjanmu, ya daɗe a tsaye bayana da tsintsiya a hannu. Can ya ce, "'Yata, waɗannan da kika bari a buɗe, ba sa tsiyaya?"

Da gaske yake. Shi fa shekarunsa na ƙarfi duk a bakin kanal ya yi su, yana kula da ƙofofin ruwa, kafin ya faɗa kwalbati da keke ƙafarsa ta lalace a dawo da shi ofis. Ya ce duk abin da ke da ciki, in aka bar bakinsa a buɗe, raguwa yake. Ya ce ƙofar da aka bari ko da faɗin yatsa biyu, kafin gari ya waye ta shanye rabon wani bawan Allah. "Wanda bai rufe ba ai bai gama aiki ba," in ji shi.

Na so in ce masa ba haka ba ne. To ta yaya? Aminin marigayi Babana ne. Shi ya ɗauki takardar makarantata ya kai wa Manaja da hannunsa, ya yi ta sintiri da wannan ƙafar har aka ɗauke ni. Sai na ce, "Zo ka rufe da kanka, Baba." Na ɗora hannunsa a kan ɓera. Hannun nan duk kanta, kibiya tana ta yawo. Da ƙyar ya kai ta kusurwa ya danna. Taga ta ɓace. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Yawwa."

Sai na danna sau biyu ta dawo. Ya ja da baya yana salati.

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Abin ya zama aikinsa. Da na tashi sallar Azahar sai ya jingine tsintsiya, ya goge hannu a rigarsa, ya zauna a gefen kujerata (ba ya taɓa zama a tsakiya), ya rufe su ɗaya bayan ɗaya. In na dawo sai ya ce, "Na rufe miki duka, babu wadda ke zuba." Ni kuma in buɗe.

Yanzu har taruwa ake yi a gani. Akawu, da mai sito, da Musbahu. Na ce musu, "Rufewa ba ta ɓatar da komai. Ku rufe duk abin da kuka ga dama, ni zan dawo da shi." Musbahu ya rufe uku yana ƙyafta ido, na dawo da su kafin ya gama murmushi. Ya ce lallai da aljani a ciki. Na ce ƙwarai, kuma ya fi wasu direbobi zuwa aiki da wuri.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Na ba Iya labari muna tsince shinkafa. Ta ce in gaya wa tsohon gaskiya, in daina wasa da shi. Na ce, "Iya, ba ki ga yadda yake tafiya yanzu ba? Har hularsa ya soma karyawa." Ta ce ni dai bakina ya yi tsawo, ba a faɗa mini ɗaya ban mayar da uku ba. Na ce gado na yi. Ta jefe ni da murfin kwano.

Laraba, 7 ga Disamba

An gama shuka alkama a yawancin filaye. Sanyi ya sauko sosai, yatsuna sai na hura su kafin in fara bugu.

Juma'a, 16 ga Disamba

Labari biyu, ɗaya mai daɗi.

Hedkwata a Kano sun ce za a tura ni kwas na kwamfuta a Kaduna cikin Fabrairu. Ni, 'yar Kura! Manaja ya faɗa mini yana kallon silin kamar an sa shi dole. Na yi godiya har ƙasa, na fito na yi tsalle a bayan sito inda ba mai gani.

Na biyun: za a rage ma'aikata bayan sabuwar shekara. Kowa ya yi tsuru-tsuru. Ni ko a jikina, wa zai kori mai kwamfuta? Amma Baba Dattijo saura 'yan watanni ya cika shekarun fansho, in aka sallame shi kafin nan ya tashi a tutar babu. Kuma kowa ya san masinja mai ɗingishi ake fara dubawa. Ya share baranda sau biyu yau.

Talata, 20 ga Disamba

Ina gwada saurin hannuna, na cika wata taga da shirme, na fita ban adana ba. Baba ya zo rufewa, na'ura ta tsayar da shi da tambaya da Turanci, ko a adana ko kada a adana. Ya biyo ni har bakin famfo a firgice, wai ta yi masa magana. Na dawo da ruwa a hannuna na nuna masa akwati na biyu. "In ta sake yi maka surutu, danna wannan, Baba." Ya danna, ta yi shiru. Ya ce ashe ita ma tana da gardama.

Laraba, 4 ga Janairu, 1989

Injiniya Iliyasu, mai tsara rabon ruwa, ya ce shi ma zai riƙa amfani da kwamfutar. Amma ba mace ce za ta koya masa ba, bai faɗa ba dai, ya ɗauki littafin ya tafi da shi gida. Yau ya zauna yana bugu da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsattsagar gero. Na ce, "Yallaɓai, in za ka tashi akwai abin da ake..." Ya ɗaga mini hannu, "Na sani." To, madalla. Masani ya sani.

Alhamis, 12 ga Janairu

Tela ya kawo ɗinkin da zan tafi da shi Kaduna. Ya matse hannun, sai ya sake.

Alhamis, 19 ga Janairu

Na kai Iya asibiti a Kano saboda idonta, ban shigo ofis ba sai bayan La'asar. Na tarar da su cirko-cirko a bakin teburina.

Ga abin da ya faru. Injiniya ya tara masu kula da ƙofofin ɓangaren Bunkure tun safe. Alkama ta fara fitar da kai, lokacin da ba ta son ƙishi ko kaɗan, don haka dole a sake rabon ruwa. Kowa ya faɗi halin da filayensa ke ciki, Injiniya yana zubawa kai tsaye a kwamfuta, ko takarda bai ɗauka ba, don su ga ya iya. Suka gama, mutane suka hau kekunansu suka watse, a kan gobe za a aika musu da sabon jadawali. Shi kuma ya tafi masallaci. Baba ya zo ya yi aikinsa.

Injiniya ya ce, "Ga gwanar ta zo. Buɗe mana."

Na danna sau biyu. Taga ta buɗe. Jadawalin Disamba ne, tsohon, ko ɗigo bai canza ba. Nan take na gane. Amma fuskata ba ta nuna ba, wannan kam na iya. Na ce, "Zai dawo. Ku ba ni zuwa gobe."

Juma'a, 20 ga Janairu

Ba zai dawo ba. Na sani tun jiya. Duk da haka na bi faya-fayan nan ɗaya bayan ɗaya, na karanta littafin har inda ban taɓa kaiwa ba. Abin da ba a adana ba, babu shi, ko Baturen ne ya dawo.

Baba ya kawo mini shayi ban aike shi ba. Ya tsaya. Ya ce, "'Yata, ta yi mini surutun nan jiya, na danna inda kika nuna mini. Ko ni ne?"

Na ce, "Haba Baba. Sau nawa kana rufewa?" Ya ce haka ne, amma bai tafi da sauri ba.

Litinin, 23 ga Janairu

Tabɗi. Yau mun ga mutane.

Da ba a aika da sabon jadawali ba, masu ƙofofi suka ci gaba da bin tsohon. Ruwa ya tafi filayen da ba su matsu ba, na can ƙarshen kanal suka kwana uku a bushe. Manoma suka cika harabar ofis, wasu a kan kekuna, wasu a bayan akori-kura. Wani tsoho ya shigo har ofishin Manaja da damin alkama da ya tuge, ganyen ya nannaɗe, ya ajiye masa a kan tebur bai ce uffan ba. Wannan ya fi zagin da sauran suka yi ciwo.

An tura Musbahu da Injiniya su bi ƙofofi da mota su gyara rabon da baki. Alkamar za ta tashi, in ji su, sai dai ba kamar da ba. Manaja ya ce gobe za a zauna, kuma duk wanda ya jawo wannan abin kunya, da shi za a buɗe ragin ma'aikata.

Na lissafa abin a hanyar gida. Mu uku ne a ciki. Injiniya bai adana ba, Baba ya rufe, ni na nuna masa inda zai danna. Injiniya yana da digiri, ba a korar digiri. Ni ana bukatata, faɗa kawai za a yi mini. In na faɗi yadda abin yake, kowace kalma gaskiya, a kan mutum ɗaya za ta sauka.

Iya ta ce me ya sa ban ci tuwo ba. Na ce na ci wake a ofis.

Talata, 24 ga Janairu

An zauna a ofishin Manaja. Damin alkamar nan yana nan a kan kabad, ba wanda ya ɗauke.

Tun kafin a tambayi kowa Baba ya miƙe, ya dafa bango saboda ƙafar. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kada a wahalar da mutane. Ni na rufe."

Na tari numfashinsa. Ban taɓa katse shi ba tunda nake. Na ce, "Ranka ya daɗe, kullum yana rufewa, kullum ina buɗewa. Wata biyu ke nan. Musbahu, ƙarya nake?" Musbahu ya ce wallahi shi ma ya rufe da hannunsa, kuma sun dawo. Akawu ya ce haka ne. Mai sito ya ce haka ne. Duk burgar da na yi ta yi musu, yau ta tsaya mini shaida.

Manaja ya ce, "To in ba rufewa ba ce, mene ne?"

Na ce, "Na'urar ce. Takan haɗiye aiki haka kawai, ba wanda ya taɓa ta. Ta taɓa yi mini."

Wallahi ba ta taɓa ba. Ko sau ɗaya. Ban taɓa ganin abu mai riƙon amana kamarta ba, abin da ka ba ta shi za ta ba ka.

Ya ce, "Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?" Na ce ban so a raina ta ba ne. Sai ya jingina da kujera, fuskar nan ta saki, kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce dama shi ya faɗa tun ranar farko. Ya ce ba zai ɗora ruwan mutane a kan abin da ke cin aiki ba tare da dalili ba, a mayar da ita hedkwata su san yadda za su yi da kayansu. Ya ce Baba ya zauna, ba ruwansa.

Injiniya tunda aka fara yake kallon takalminsa.

Laraba, 25 ga Janairu

Injiniya ya tsayar da ni a baranda, ya rage murya. "Na karanta littafin nan fa, Zuliha. Ba ta haɗiye komai."

Na ce, "To ai Yallaɓai ya karanta har wurin da aka ce a yi wani abu kafin a tashi."

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce rana ta yi zafi yau. Na ce ta yi.

Alhamis, 26 ga Janairu

Babu kwas. Me za a koya wa wadda ba ta da na'ura? Manaja ya sa aka sauko da tafireta, a kanta na buga wasiƙar mayar da kwamfuta. Shi ya yi ta faɗa ina bugawa: "ba abin dogaro ba ce." Da yatsuna na buga wannan.

Ɗinkin Kaduna ya dawo daga tela, hannun ya yi daidai. Zan sa shi bikin 'yar maƙwabciyarmu Asta.

Litinin, 30 ga Janairu

Sun tafi da kwamfutar. Ni na naɗe wayoyin, na sa ta a kwalinta, na cusa tsofaffin jaridu a gefe saboda ramukan hanya. Na ce wa Musbahu in ya yi gudu da ita Allah ya isa. Ya ce yau kuma ƙarfe ake yi wa Allah ya isa?

Ban fita na ga tashin motar ba. Ina da aiki.

Ba kuka na yi ba, mura ce.

Alhamis, 2 ga Fabrairu

An kafe sunayen waɗanda aka sallama. Mutum biyar. Babu Baba.

Litinin, 6 ga Fabrairu

Sun samu abin yi. Ina shigowa Musbahu ya ce, "Ina Hajiyar kwamfuta? A rufe, a buɗe!" Akawu ya ce a yi hankali da fayil, kada tafireta ma ta koyi haɗiya. Suna ta ƙyaƙyatawa. Amsa tana bakina, mai kyau kuwa, wadda za ta sa Musbahu ya yi sati bai shigo ofishin nan ba.

Sai ga Baba yana jan ƙafa. Ya daka musu tsawa, ban san yana da wannan muryar ba. "Ku ji tsoron Allah! Yarinya ta yarda da abu, abu ya kunyata ta a gaban mutane. Wane ne a cikinku bai taɓa ba?" Suka watse sumui-sumui.

Ya ajiye mini tumatir a ƙullin leda, na gonar ƙaninsa, ya zaɓo manya. Ya ce, "Ki yi haƙuri, 'yata. Ƙuruciya ce. Gaba in manya suna shakkar abu, ki riƙa saurarawa."

Na ce, "To, Baba."

Shi ke nan abin da na ce. Ni Zuliha. Da Iya tana wurin da ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

Da rana ya kawo takardar neman fanshonsa in buga masa, wai an ce a fara shiri tun yanzu. Harafi ɗaya yana maƙalewa a tafiretar, kowane layi sai na sa yatsa na ɗago shi. Na yi kuskure a sunan garinsu, ban goge ba, na zare takardar na sake sabuwa daga farko. Ta fito tsaf. Ya karɓa da hannu biyu, ya sa a cikin hula.

A hanyar gida na kama kaina ina waƙa, har wata mai tallan gyaɗa ta juyo tana kallona. Ban san dalili ba. Ina jin sanyin ne ya ragu.